Yadda za ka dawo kan fiyano bayan ka yi shekaru da barinsa

Mutanen da suka taɓa kaɗa fiyano suka bari sun fi yadda ake zato yawa. Wani a sakandare ya koya, wani ya taso ne yana riƙe wa ƙungiyar mawaƙan coci kibod a Jos ko Kaduna ko Wusasa, wani a situdiyo ya yi zamansa yana haɗa wa mawaƙa kiɗa, wata kuma iyayenta ne suka ɗaukar mata malami tun tana ƙarama. Sai rayuwa ta zo da nata, jami'a, bautar ƙasa, aure, yara, neman na cefane, aka tura kibod ƙarƙashin gado ko aka ba wani ƙani aro bai dawo da shi ba, kafin ka ankara shekara 10 ko 15 ko ma 20 sun wuce. To in kana cikin waɗannan kuma abin ya fara dawo maka a rai, wannan bayanin naka ne. Zan riƙa cewa "ka" ne kawai don sauƙin rubutu, 'yan'uwa mata ku ma da ku nake.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun kafin mu shiga matakan, don shi ne ke korar yawancin masu dawowa. Duk shekarun nan da ka yi ba ka kaɗawa, kunnenka bai tsaya ba, ka ci gaba da sauraron kiɗa, ka ƙara sanin mai daɗi da mara daɗi, kanka kuma yana tuna matsayin da ka kai a da. Yatsun ne suka yi baya. Shi ya sa ranar farko mutum zai zauna da ɗoki ya ɗauko kiɗan da ya fi burge mutane da shi a da, farkon ya zo masa kamar jiya ya bari, ya ji daɗi, yana isa tsakiya sai komai ya watse, hannun hagu ya rasa inda zai sa kansa, ya koma farko, ya sake watsewa a daidai wurin nan, ya yi ta yi har dare ya raba, washegari ga ciwon wuyan hannu ga takaici, ya ce ai girma ya zo. Ba girma ba ne wallahi. Gona ce da ta zama saura, ƙasar na nan da ƙarfinta amma ba a shiga da iri sai an yi sassabe. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da mutum ya taɓa koya ya manta, sake koyonsa ya fi na farko sauri. Kenan ba daga sifili za ka faro ba, amma kuma ba daga inda ka tsaya ba.

Matakin farko, duba abin kaɗawar kansa. In tsohon kibod ɗinka ne ka jawo, kar ka yi saurin jona shi. Fara buɗe gidan batir, don in an manta batira a ciki shekaru to sun zubar da ruwa sun ci ƙarfen, za ka ga wani farin gari-gari ko tsatsa, a goge shi tas. Sannan adafta: kusa da ramin da ake jonawa an rubuta ƙarfin wutar da yake so da kuma ɓangaren da ke tsakiya, mai alamar tarawa ne ko ta ɗebewa. Ƙananan Yamaha irin su PSR-E yawanci bolt 12 suke sha, na Casio kuma akwai masu 9 akwai masu 9.5 akwai masu 12, don haka adaftar da ta shiga rami ba lallai ita ce daidai ba, mutane da yawa a nan suke ƙona kibod. Ga kuma halin wutarmu da ake kawowa da ƙarfi ba sallama, in kana da sitabilaiza ka bi ta cikinta, in ka gama kuma ka zare daga bango.

Da ya kama, bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa har sama, farare da baƙaƙe, kowanne ka danna a hankali sannan ka danna da ƙarfi. Za ka iya cin karo da wanda ya yi shiru gaba ɗaya, ko wanda duk lallaɓawar da ka yi masa sai ya yi ƙara kamar ka doke shi. Yawanci ba wata babbar lalacewa ba ce, a ƙarƙashin maɓallan akwai wata roba mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke taɓa allon lantarki, ƙurar hunturu ce ke shiga tsakaninsu, mai gyara zai buɗe ya goge ko ya canja robar. Daga yau kuma ka samo zane ko tsohon mayafi ka riƙa rufe shi.

In saye za ka yi, ga ra'ayina kai tsaye. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, farare 52 baƙaƙe 36, kuma maɓallansa na da nauyi don guduma suke ɗagawa ta bugi waya. Kibod ɗin da muka saba gani mai 61 ne, mara nauyi. In abin da kake so shi ne raka waƙa, haɗa kiɗa, kod (maɓallai uku ko fiye da ake dannawa tare) da sauransu, mai 61 ya ishe ka matuƙar yana jin bambancin taɓawa a hankali da taɓawa da ƙarfi, in ba ya ji to kar ka saya ko kyauta ce sai dai don yara. Amma in kiɗan fiyano na takarda kake so ka koma wa, nemi mai 88 mai nauyi, irin su Yamaha P-45, Roland FP-10 ko Casio CDP-S110, wannan na ƙarshen ma yana aiki da ƙananan batira 6, wanda ba ƙaramin abu ba ne ranar da aka ɗauke wuta. Na hannu ma ba laifi in ka gwada duk maɓallan a gaban mai sayarwa. Ka haɗa da feda, abin takawa da ƙafa da ke riƙe sauti, ka jona ta kafin ka kunna kibod ɗin kuma kar ƙafarka ta kasance a kanta lokacin kunnawa, in ba haka ba wasu sai su juya aikin, ka saki sauti ya ci gaba ka taka ya tsaya. Hedifon kuma mai waya, na Bluetooth yana jinkirta sauti ya ɓata maka lissafi.

Wanda Allah ya sa akwai fiyanon katako a gidansu ko a cocinsu, wannan wani babi ne. Wayoyinsa sun haura 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen tan 18, katako kuma ba ya son bushewar hunturu sannan laimar damina ta biyo baya, ga gara ga ɓeraye masu cin ulun gudumomi. In ya shekara da yawa ba a saita shi ba sautinsa ya sauka, saiti ɗaya ba ya isa, kuma masu wannan aikin ba su da yawa a arewa. Kar ka ɗauki filaya ka ce za ka ɗaure wayoyin da kanka. Ka nisanta shi da taga da rana, ka fara atisaye a kan na lantarki kafin a samu mai gyara.

Na biyu, zama. Mutane na raina wannan alhali rabin ciwon baya da na hannu daga nan yake. Kujerar roba mai hannuwa ba ta yi, kan gado da kibod a cinya ma bai yi ba. Samu benci ko kujera mai tauri, ka zauna a rabinta na gaba, tafin ƙafa a ƙasa, cibiyarka na kallon tsakiyar maɓallan. In ka ɗora yatsu, hannunka daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya miƙe daidai, kar ya yi hawa kar ya yi gangara sosai. Irin ƙafar ƙarfen nan mai kama da X yawanci ana barinta a tsayin masu kaɗawa a tsaye, sauke ta. A yanke farce, in kana jin ƙas-ƙas a kan maɓalli to sun yi tsawo.

Na uku, makon farko kar ka taɓa tsohon kiɗan nan naka da kake ji da shi. Na san da wuya. Wannan makon na bincike ne, kana so ka san me ya rage me ya tafi. Abubuwa huɗu ne suke tafiya kuma ba tare suke tafiya ba: motsin yatsu, karatun takarda, haɗa hannu biyu, da juriya. Wani zai tarar yatsunsa na gudu amma takarda ta zama masa baƙuwa musamman layukan hannun hagu, wani yana karantawa sarai amma minti 10 hannu ya gaji. Gwada kowanne daban ka rubuta a ɗan littafi, don inda ya fi lalacewa nan za ka fi ba lokaci.

Ga yatsu, tuna lambobinsu, babban yatsa 1, har zuwa ƙaramin 5, a duka hannuwan. Ɗora yatsu biyar a kan C D E F G, ka hau ka sauka a hankali sosai, ido a kan hannun. Abin da za ka gani kusan kowa na gani: in na 4 zai danna sai ƙaramin ya miƙe sama, kafaɗa ta ɗage, wani har numfashi yake riƙewa bai sani ba. Kar ka yi faɗa da yatsan, tsaya, saki hannun ya faɗo a cinya, girgiza shi, ka mayar, ka danna da nauyin hannu ba da matsi ba, da sautin ya fito ka sassauta. Na 4 da ma haka Allah ya yi shi, jijiyarsa a haɗe take da ta maƙwabtansa, ba zai taɓa ɗagawa kamar na 2 ba, kar ka wahalar da shi.

Sai sikel, wato hawa da sauka kan sautuka a jere, do re mi har zuwa do na sama. Kowa da C yake farawa don babu baƙin maɓalli, hannun dama 1-2-3-1-2-3-4-5, hagu 5-4-3-2-1-3-2-1 in ana hawa. Amma a wajen hannu C ba shi ne mafi sauƙi ba. Chopin, shahararren makaɗin fiyano ɗan Poland, da sikel ɗin B mejo yake fara wa ɗalibansa, kuma in ka gwada za ka ga dalili: babban yatsa na kan B da E, dogayen yatsu kuma suna hawa baƙaƙen maɓallan da kansu, hannu ya zauna yadda aka halicce shi. Dama 1-2-3-1-2-3-4-5, hagu 4-3-2-1-4-3-2-1. Ni shawarata ka riƙa yin B da C tare a makonnin farko, hannu ɗai-ɗai, oktef ɗaya (daga do zuwa do na gaba) sannan biyu, daga baya ka ƙaro G, D, F, ki ɗaya, wato sautin da sikel ke farawa a kai, a mako ya isa. Abin da kake saurara shi ne wurin da babban yatsa ke shigewa ƙarƙashi, kar a ji wani dum a wurin. Akwai littafin atisayen yatsu na Hanon mai darasi 60 da ya fito a 1873, malamai da yawa na son sa, wasu kuma ba sa ko son jin sunansa. Ni dai a ganina ga mai dawowa minti 3 a hankali ba laifi, amma rabin awa kana sheƙa shi da ƙarfi hankalinka na kan waya, ciwo kawai kake saya.

Na huɗu ya rabu biyu, ya danganta da ta ƙofar da ka shigo kiɗa tun farko.

In ɗan takarda ne kai, karatu ne yawanci ya fi tsatsa kuma shi ne ya fi saurin dawowa in ana yi kullum. Maimakon ka riƙa ƙirga layi daga ƙasa duk lokacin da ka ga nota, kafa alamomi uku a kai: C ta tsakiya, G da ke layi na biyu a sashen dama, F da ke layi na huɗu a sashen hagu. Sauran duk ka auna su daga waɗannan, hawa ɗaya ne ko tsallake. Kullum ka ɗauki abu sabo mai sauƙi ƙwarai, layi biyu ko uku, ka dube shi kafin ka taɓa komai, wane ki ne, bugu nawa ne a kowane gida, wato tsakanin layukan tsaye biyu, ina hannu zai matsa, sannan ka kaɗa a hankali ba tsayawa ba komawa baya ko ka yi kuskure, ka wuce shi gobe ka ɗauki wani. Littafin waƙoƙin coci mai murya huɗu yana da kyau a nan, amma fara da muryar sama da ta ƙasa kawai, na tsakiya biyun su jira.

In kuma da kunne ka koya, irin na do re mi da kod, to akwai maganar da ba a so a ji. Da yawanmu ki ɗaya muka iya, C ko F shaf (baƙin maɓallin da ke dama da F), duk waƙar da aka ɗauko sai a latsa tiransfos, maɓallin da ke sa kibod ya canja ki da kansa. A da ya rufa asiri, amma tunda yanzu ba wanda ke jiranka a kan dandali, wannan ne lokacin biyan bashin. Ɗauki kod huɗun nan da rabin waƙoƙin duniya ke tafiya a kansu, a C su ne C, F, G da A maino. Koyi juya su yadda hannu ba zai riƙa tsalle ba: C-E-G, sai C-F-A, sai B-D-G, sai C-E-A, duba yadda yatsun ke ɗan matsawa kusa-kusa kawai. Da ya zauna ka kai shi G, sannan D, sannan F, da yatsunka ba da maɓallin tiransfos ba. Haka kuma ka kashe kiɗan rakiyar nan da kibod ke yi da kansa na wani lokaci, don ganguna da bes ɗin da yake zubawa suna rufe duk ɓarnar hannun hagu, tun shekarun 1990 da kibod ɗin Yamaha ya mamaye kiɗan finafinan Hausa kunnenmu ya saba da wannan cikar, in aka cire ta sai mutum ya ji kansa tsirara, amma a nan ake gyara.

Kowanne ɓangare kake, ka ɗan leƙa ɗayan. Ɗan takarda ya koyi kod, ɗan kunne ya koyi karanta ko da layin waƙa ne.

Na biyar, zaɓen abin kaɗawa. Sauka mataki biyu ƙasa da inda ka tsaya. In ka bari kana matakin giredi 5 na jarrabawar kiɗa, nemi na giredi 3. Ma'aunin da nake bayarwa: in ba za ka iya bi ta cikinsa da hannu ɗai-ɗai a zama na farko ba, ya yi maka nauyi a yanzu. Riƙe guda uku a lokaci ɗaya, ɗaya mai sauƙin da za ka gama a mako, ɗaya mai ɗan ja na wata guda, ɗaya kuma wanda ranka ke so kawai. Ga masu takarda, gajerun kaɗe-kaɗe 25 na Burgmüller, Op. 100, kamar don mai dawowa aka yi su, ba su da tsawo kuma suna da daɗin ji, akwai ƙananan minuwet na littafin Anna Magdalena Bach na 1725, daga baya sonatina 6 na Clementi, Op. 36. Duk suna nan kyauta a shafin intanet na IMSLP don haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, ka sauke ka kai a buga maka a takarda, karatu a fuskar waya kashe ido ne. Für Elise na Beethoven kuwa da kowa ke rugawa wajensa, farkonsa ne mai sauƙi, sassan tsakiya sun fi shi nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga mutum shekara da shekaru shafin farko kawai ya iya.

Na shida shi ne zuciyar maganar, yadda ake atisayen kansa. Kaɗawa daban, atisaye daban. Farawa daga farko ka tafi har inda ka faɗi ka sake komawa farko, wannan ba atisaye ba ne, kana ƙara goge inda ka riga ka iya ne, kuma kana koya wa hannu faɗuwa a wuri ɗaya, don hannu bai san daidai da kuskure ba, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki fensir ka zagaye wurin da kake faɗuwa, yawanci bai wuce gida biyu ba. Duba me ke kawo shi, sau da yawa za ka tarar yatsa ne, yau ka sa na 3 gobe na 4, hannu bai san wanne zai bi ba. Zaɓi ɗaya ka rubuta lambar a saman notar, shi kenan ba canji. Kaɗa hannun dama shi kaɗai, daga nota ɗaya kafin wurin zuwa nota ɗaya bayansa, don mahaɗar ma ta shiga ciki. Sannan hagu shi kaɗai, kuma ka ba hagu lokaci fiye da dama, shi ne aka fi zalunta tun da can. Sai ka haɗa su a saurin da zai ba ka kunya in wani ya ji, wanda kafin kowace nota kana da lokacin tunanin ta gaba. Kunna metronom, abin da ke buga ƙas-ƙas don riƙe maka sauri, akwai shi a cikin kibod akwai manhajojinsa kyauta a waya, sa shi a 60 ko ma 50. In ka yi sau 3 a jere ba kuskure, ƙara 4. Ka yi kuskure, koma baya da 4. Za ka isa wani saurin da kafaɗa za ta fara ɗagewa, to nan ne iyakarka ta yau, tsaya, kar ka tsallaka. Gobe in ka dawo ka fara ƙasa da inda ka tsaya, kuma sau da yawa za ka tarar abin da ya ƙi jiya ya yi laushi, don a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarasa ɗaure abin da hannu ya koya. Shi ya sa minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar.

Wata dabara kuma, fara koyon kiɗa daga ƙarshe. Gidaje huɗu na ƙarshe tukuna, sannan huɗun da ke gabansu ka zarce har ƙarshe, haka har ka iso farko. Amfaninsa kullum kana tafiya ne zuwa inda ka fi sani.

In lissafin bugu ne ya rikice, tashi daga kan maɓallan, ka buga a cinya kana ƙirgawa da baki. Irin wurin nan da dama ke yin uku hagu na yin biyu, wanda ke ba ɗalibai wahala, mu da muka taso muna jin kalangu da ganga a biki ba baƙo ba ne a kunnenmu, faɗa da baki kawai kana bugawa: tare, dama, hagu, dama. Feda kuma a bar ta sai hannu ya zauna, don tana ɓoye ƙazanta. In lokacinta ya yi, diddige a ƙasa, kuma ƙa'idar ita ce hannu ya riga ƙafa: ka danna sabon kod, a daidai lokacin ƙafa ta ɗago, sannan ta koma. In ka taka tare da hannu sautin zai yanke, in ka makara wajen ɗagawa tsohon kod ya cakuɗe da sabo.

Yadda za ka raba rabin awa, misali: minti 5 sikel da kod, minti 5 karatun sabon abu ko ɗauko waƙa da kunne, minti 15 wuraren da ka zagaye da fensir, sauran ka yi abin da ka ga dama. Wannan na ƙarshen kar ka yafe shi. Ranar da ka dawo a gajiye ba ka iya komai, ɗora hannun dama a kan baƙaƙen maɓallai kawai, hagu ya riƙe F shaf da C shaf, ka yi ta yawo, ba notar da za ta yi tsami, sauti biyar ne, kuma da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, za ka ji karin da ka sani yana fitowa da kansa.

Lokaci kuma ka liƙa shi da wani abu da ba ya tashi, bayan asuba kafin yara su farka, ko bayan isha'i, ko da ka dawo aiki kafin ka zauna kallon labarai. Kibod ya zauna a kafe a inda za ka gan shi, in sai an ciro daga jaka an haɗa wayoyi to an gama, ba za a yi ba. Ka kuma duba haƙƙin mutanen gida da maƙwabta, ba kowa ne ke son jin kiɗa ba kuma ba kowa ne ya yarda da shi ba, hedifon ya raba wannan gardamar, in an kira salla kuma a dakata.

Maganar ciwo ba wasa. Gajiya kaɗan a hannu a makonnin farko ba komai, amma zafi mai suka a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko yatsu su riƙa sagewa musamman da dare, wannan tsayawa ake yi ba daurewa ba. Jikin ɗan shekara 40 da ya wuni a kan kwamfuta ko sitiyari ko keken ɗinki ba irin na ɗan 15 ba ne. Huta kwana biyu, duba tsayin kujera, rage sauri da ƙarfi, in ya wuce mako bai lafa ba ka ga likita, balle in kana da ciwon suga.

Malami fa? In da hali ka nema, ko da sau biyu ne a wata, don akwai abin da ba za ka gani a jikinka ba sai wani ya gani. Ka gaya masa gaskiya cewa ka taɓa yi ka bari, kar ya mayar da kai littafin yara kuma kar ya ɗauka kana nan inda kake. Bidiyon YouTube na taimakawa, sai dai irin masu sandunan launi da ke gangarowa kan maɓallai ba sa koya maka yatsa ko lissafi, kuma tsalle daga wannan tasha zuwa waccan cin data ne kawai, kama ɗaya ka bi ta. In babu malami, wayarka ta zama rabin malami: jingina ta a gefe ta ɗauki hannunka, ranar Juma'a ko Lahadi ka ɗauki abu ɗaya, ka ajiye. Kallon farko ba daɗi, za ka ji kana gudu a wuri mai sauƙi kana jan ƙafa a mai wuya, amma bayan wata biyu in ka kalli na farkon za ka ga tafiyar da kunnenka ke hana ka gani kullum.

Wanda kuma ba ya motsi sai da ranar jarrabawa a gabansa, babu iyakar shekaru. ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan, wadda ke nan tun 1889, tana da giredi 1 zuwa 8, kuma tun 2020 akwai tsarin da za ka ɗauki bidiyon kaɗe-kaɗe 4 a jere ka tura ta intanet, sai dai daga giredi 6 zuwa sama suna neman shaidar giredi 5 ta ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamanciyarta. A gida Najeriya akwai ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, su ma suna shirya jarrabawar giredi. Amma kar ka yi rajista sai ka yi aƙalla wata 6 kana zama kullum.

Tsohon kiɗan nan da na ce a ajiye, bayan wata biyu ko uku ka ɗauko shi, amma ka karɓe shi kamar sabo: da takarda a gaba ko da asalin waƙar a kunne, hannu ɗai-ɗai, fensir a kusa, don abin da hannu ya riƙe na da akwai ramuka a ciki har da kurakuran yarinta da ba wanda ya gyara maka. In kuma tafiya ko rashin lafiya ko hidimar biki ta sa ka yi mako biyu ba ka zauna ba, ranar da ka dawo rage metronom da 12 ko 16 daga inda ka rubuta a littafinka, ka fara da guda mafi sauƙi cikin ukun nan, mai ɗan jan kuma ka bar shi sai zama na biyu.